Sashen bibiyar waɗanda aka cire wa ƙari a laka: yanda na gan su bayan sun gano ciwon yayata

Tauraro huɗu cikin biyar na ba su. Ɗayan da na hana su ba a kan aikin likitanci ba ne, a kan yanda suke tafiyar da mutane ne a wajen jira da wajen ba da rana, kuma zan zo kansa dan abun ya tsaya min a rai sosai. Sashe ne a cikin wani babban asibiti da aikinsu kawai shi ne bibiyar mutanen da aka taɓa cire wa ƙari a laka ko a kewayenta, ko tiyatar ta shekara biyu ce ko ta shekara ashirin, kuma ko ba a wajensu aka yi ba suna karɓa in dai da takardar turowa daga likita. Ba ni ce mara lafiyar ba, yayata ce, ni 'yar rakiya ce kuma ni nake riƙe da fayil ɗinta, dan haka duk abun da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ƙarin da aka cire mata sunansa efendimoma, irin wanda yake fitowa can ƙasa inda laka ta ƙare, wajen ƙashin ƙugu na farko da na biyu, daga nan kuma sai jijiyoyi kawai suke ci gaba da sauka zuwa ƙafafu da mafitsara. Tiyatar ta yi kyau alhamdulillah, aka ce an kwashe shi tas, ta tashi da ƙafarta, ciwon bayan da yake hana ta barci ya tafi. Aka dinga yi mata MRI, wato hoton da yake nuna cikin jiki, duk shekara, daga baya aka riƙa tsallakewa, kullum magana ɗaya ce, ƙari bai dawo ba. To mu a wajenmu ai magana ta ƙare kenan.

Sai da aka yi shekara goma da ɗoriya sannan ji ya fara raguwa. Ba farat ɗaya ba, a hankali a hankali, ka yi magana ta ce na'am, ka maimaita ta sake cewa na'am, talabijin sai ta ƙure ƙara, in mutane sun yi yawa a ɗaki tana jin hayaniya amma ba ta tantance me ake cewa, ga wata ƙara da take ji a kunne dare da rana ba hutu. Sai tafiyarta ta fara canzawa, tana ware ƙafa, in ta juya da sauri sai ta dafa bango, da daddare kuwa in ba fitila abun ya fi muni. Ƙamshi da wari ma ta daina jin su sosai. Likitan kunne ya gwada ya ce jijiyar ji ce ta yi rauni duka ɓangaren biyu, ya rubuta na'urar ji. Wani ya ce jiri ne daga cikin kunne, ya ba da ƙwayoyi. Wani ya ce damuwa ce ta yi mata yawa. Ba na ɗora musu laifi gaba ɗaya, dan gaskiya wa zai haɗa kunne da tabon da yake ƙasan baya, amma abun da ya ƙona min rai shi ne duk inda muka shiga sai na faɗa da bakina cewa an taɓa mata tiyatar laka, a rubuta a gefen kati a wuce, ba wanda ya taɓa cewa ta juya ya ga tabon.

Wannan shi ne abu na farko da ya bambanta sashen nan. Tambayarsu ba ta tsaya a kan ko ƙari ya dawo ba, tambayarsu ita ce me ya canza a jikin mutum tun bayan tiyata, daga kai har ƙafa. Tun kafin mu shiga nas ta ba mu fom mai tsawo, akwai ji, akwai gani, akwai fitsari da bayan gida, akwai ciwon kai da lokacin da yake tashi, akwai ko mutum yana shan magungunan tsinka jini. Likitar da ta gan mu da ta lura Yaya ba ta ji sai ta jawo kujera ta zauna daf da ita, ta sauke takunkumin fuskarta dan Yaya ta riƙa ganin bakinta, ta ce, "Malama, bayan tiyatar nan an taɓa ce miki ruwa ya taru a wajen ɗinkin?" Yaya ta juyo ta kalle ni. Na ce eh, akwai wani kumburi mai laushi da ya fito a ƙarƙashin tabon a watannin farko, aka ce zai baje da kansa, kuma ya ragu sosai, sannan a lokacin tana fama da ciwon kai in ta tashi zaune, in ta kwanta ya lafa. Likitar ta rubuta wannan ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa. Wallahi a duk shekarun nan ba wanda ya taɓa mana wannan tambayar.

Gwajin jikin ma ba na gaggawa ba ne. Ta sa ta cire takalmi ta yi tafiya a kan layi, diddige na taɓa yatsa, taku biyu ta yi ta tafi gefe nas ta tare ta. Ta sa ta haɗa ƙafa ta rufe ido. Ta sa ta taɓa hancinta ta taɓa yatsan likitar, ta maimaita da sauri. Ta buga ƙarfen nan mai baki biyu da yake rawa ta ɗora mata a idon sawu da bayan kunne. Ta buga gwiwa da ɗan guduma ƙafar ta zabura fiye da kima, ta ja wani abu a tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa, sai na ga ta kalli ɗalibin da yake tsaye a bayanta ta gyaɗa kai. Daga nan ta ce tana so a yi MRI, amma ba na ƙugu kaɗai ba, na kai da duka gadon baya daga wuya har ƙasa, kuma ta rubuta a takardar cewa a haɗa da wani salon ɗauka da yake nuna inda sinadarin ƙarfe ya kwanta. Ashe nan matsalar take. Duk MRI ɗin da aka yi ta yi mata a baya wajen tiyatar kawai ake haskawa, ana saka ruwan allurar nan gadoliniyam a ga ko wani abu zai haska da zai nuna ƙari ya dawo, ba a taɓa leƙa kan ba, mai karanta hoton kuma ƙari aka ce ya nemo, ƙari yake nema.

Da hoton ya fito ta juyo mana da allon kwamfuta ta nuna mana da kanta. Wani baƙin layi siriri ya zagaye ƙaramar ƙwaƙwalwar nan ta ƙeya, ya bi duk lunguna da ninkin da ke jikinta, ya zagaye inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, ya sauka ya bi gefen lakar. Ta ce sunan ciwon sufafishiyal sidarosis. Yanda ta yi mana bayani shi ne, ƙwaƙwalwa da laka a cikin ruwa suke zaune, ruwan bai fi mililita 150 ba amma jiki yana sarrafa kusan mililita 500 a kullum yana sabunta shi, kuma akwai wani tantani mai kauri da ake kira dura da ya rufe su gaba ɗaya. Duk wanda za a cire wa ƙari a cikin laka ko a jikinta dole a tsaga wannan tantanin a shiga, in an gama a ɗinke. Yawancin mutane yana haɗewa lafiya lau shikenan. Amma a wasu 'yan kaɗan sai wata 'yar kafa ta rage, ruwa ya riƙa fita yana taruwa a wata 'yar jaka a bayan tantanin, ƙananan jijiyoyin jini da ke bakin kafar kuma marasa ƙwari ne, sai su riƙa tsattsafo da jini ɗan mitsitsi cikin ruwan, wanda mutum ba zai ji ba ba zai gani ba, shekara da shekaru. Ƙwayoyin jinin in sun fashe sai ƙarfen da ke cikinsu ya fito, ruwan ya zaga da shi ko'ina, ya kwanta a saman ƙwaƙwalwa da laka. Ta ce ku ɗauka kaman famfon da yake ɗiga a kan ƙarfe ne, ɗigo ɗaya ba komai ba ne, amma in ya shekara goma yana ɗiga tsatsa sai ta ci wajen.

Na tambaye ta to me ya sa kunne. Ta ce jijiyar ji, wadda ita ce ta takwas a jijiyoyin da suke fita daga ƙwaƙwalwa, tana da dogon sashe da yake kwance tsamo-tsamo a cikin ruwan nan, kuma irin ƙwayoyin da suka lulluɓe wannan sashen su ne masu zuƙar ƙarfen, shi ya sa take cikin na farko da suke lalacewa. Ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya kuma ita ke kula da daidaiton tafiya, shi ya kawo tangaɗin. Jijiyar jin ƙamshi ma haka. Ciwon ba sabo ba ne, tun 1908 wani likita mai suna Hamill ya bayyana shi, amma kafin zuwan MRI yawanci sai bayan mutum ya rasu an buɗe ake ganinsa, dan hoton CT na yau da kullum ba kasafai yake nuna shi ba. Akwai wani nazari da aka buga a 1995 da ya tattara waɗanda aka samu da ciwon, kashi 95 cikin ɗari suna da raunin ji, kashi 88 suna da tangaɗi, kashi 76 suna da alamun taɓuwar laka. Yayata duka ukun take da su, tana yawo da su daga ofis zuwa ofis kowa na duba nasa ɗaya.

A nan ina so in tsaya in faɗi wani abu saboda waɗanda aka yi wa irin wannan tiyatar kar hankalinsu ya tashi. Abun nan ba kasafai yake faruwa ba, kuma su kansu a sashen sun nanata mana hakan, mafi yawan waɗanda aka cire wa ƙari a laka har ƙarshen rayuwarsu ba za su taɓa haɗuwa da shi ba. Ba kuma dole ne a ce likitan da ya yi tiyatar ya yi ganganci ba, tantanin nan wani lokaci ko an ɗinke shi da kyau ba ya haɗewa yanda ake so. Na ji daɗin yanda ba su zagi aikin waɗanda suka yi tiyatar farko ba dan su nuna su ne gwanaye. Abun da kawai likitar ta ce shi ne ya kamata a ce tun ranar sallama an gaya mana alamun da za mu riƙa lura da su ko bayan shekaru ne.

Gano sunan ciwo daban, gano inda jinin yake fitowa daban, kuma a nan ne na ƙara ganin ƙwarewarsu. Sun fara tabbatar da cewa ba ƙarin ne ya dawo ba, dan shi kansa irin wannan efendimoma ɗin yana iya zubar da jini ya jawo ciwon. Da suka ga babu, sai suka yi mata mayelogiram. An kwantar da ita a gefe ta naɗe gwiwa, aka goge bayan, aka yi allurar kashe zafi, sannan aka soka doguwar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Ruwan da ya fito nas ta ɗaga kwalbar ta nuna min, maimakon ya zama garau sai ga shi da ɗan rawaya-rawaya, ta ce tsohon jini ne yake sa shi haka. Suka zuba ruwan da yake haskawa a hoto ta cikin allurar, suka shigar da ita CT nan take kafin ya bazu, a haka suka ga inda yake ɓullewa ya shiga jakar da ke bayan tantanin, daidai saman tsohon ɗinkin. Bayan gwajin ta yi ciwon kai mai tsanani, sai a kwance take samun sauƙi, amma sun riga sun gaya mana zai iya faruwa, kuma nas ta yi ta leƙowa.

Likitan tiyatar da zai toshe kafar bai yi mana alƙawarin ƙarya ba, kuma wannan ya fi komai daraja a wajena. Ya rubuta wa Yaya a takarda da manyan baƙaƙe dan ta karanta da kanta, cewa manufar aikin ita ce a tsayar da jinin dan ciwon ya daina gaba, ba wai a dawo da jin da ya tafi ba. Yaya ta karanta ta yi shiru, sannan ta ce, "Likita, kenan haka zan zauna?" Ya ce mai yiwuwa ne tafiya ta ɗan gyaru da motsa jiki, ji kuwa da wuya ya dawo, kuma ko bayan an toshe, ƙarfen da ya riga ya kwanta yana nan, wasu sukan ci gaba da ɗan raguwa na wani lokaci. Ranar mun yi kuka, amma gara haka da a ce mana za ta warke sarai mu zauna muna jiran abun da ba zai zo ba. An yi aikin, an sami kafar an rufe ta, an ƙara mata faci. Zuwa yanzu gwajin ji bai ƙara sauka ba, tafiyar kuma ta fi da.

Akwai maganar magani da suka zaunar da mu a kai, wata ƙwaya mai suna defarifuron, asalinta ta masu ciwon jini ce da ƙarfe yake taruwa musu a jiki saboda yawan ƙarin jini, amma da yake tana iya ratsawa ta kai ƙwaƙwalwa sai wasu likitoci suke gwada ta a wannan ciwon. Sun gaya mana ƙarara cewa hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi sosai tukunna, kuma tana iya karya ƙwayoyin jinin da suke yaƙi da cuta har abun ya zama haɗari, dan haka mai shan ta sai an riƙa yi masa gwajin jini duk sati, in ya ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ya dakata da sha ya garzaya asibiti, fitsari ma yana iya canza kala ya yi ja-ja. Suka bar wa Yaya zaɓi ba tare da matsa mata ba. Ta ce a bari tukunna a ga yanda toshewar za ta yi, suka ce ba laifi.

A wajen jira ne na gane ba ita kaɗai ba ce kuma ba ciwo ɗaya ba ne. Kowa da irin nasa, kuma kusan duk labarin ɗaya ne, an yi tiyata lafiya, shekaru sun wuce, sai wani sabon abu ya ɓullo. Akwai waɗanda ruwa yake taruwa a tsakiyar lakar kanta ya yi rami, siringomayeliya suke ce masa, mutum ya riƙa ƙonewa a hannu bai ji zafi ba amma in ka taɓa shi yana ji, hannun kuma na ramewa. Akwai waɗanda lakar take mannewa da tabon tiyatar daga ciki, maimakon ta riƙa motsi in mutum ya sunkuya sai ta riƙa jawuwa, ƙafa ta fara sagewa, fitsari ya fara gagarar riƙo. Akwai waɗanda siririn tantanin ciki yake kumbura ya dunƙule jijiyoyin waje ɗaya, waɗannan kam ciwo suke sha mai ƙuna da maganin ciwo na yau da kullum ba ya taɓa shi. Akwai waɗanda aka cire musu bayan ƙashi dan a samu hanya, musamman a wuya kuma musamman in suna yara aka yi, daga baya ƙashin ya riƙa ranƙwafawa gaba har ya danne laka. Sai waɗanda aka gasa wa wajen da haske bayan tiyata, wanda lahaninsa ga laka kan iya fitowa bayan wata 6 zuwa shekara 2, wani lokaci ma fiye. Duk waɗannan sashen yana da tsarin dubawa, kuma duk sati likitan jijiya da na tiyata da mai karanta hoto suna zama tare a kan fayil ɗin da ya yi wuya, ba kowa ya rubuta nasa ya tura ka gaba ba.

Masu fisiyo ɗinsu ma, wato masu koyar da motsa jiki, na yaba musu. Ba motsa jiki na gama-gari suke ba kowa ba, na daidaiton tsayuwa ne, tsakanin sanduna biyu, a kan katifa mai laushi, da juya kai ana tafiya. Sun koya mata yanda za ta tashi in ta faɗi, sun ce a sa ƙarfen dafawa a banɗaki, a bar fitila a kunne a hanyar da take bi da dare tunda yanzu da ido take daidaita kanta, a kwashe duk abun da zai iya harɗe ƙafa. Sanda ta ƙi karɓa da farko dan tana ganin tsufa ne, mai fisiyon ba ta yi musu da ita ba, ta ce ta riƙe ta a waje kawai, a cikin gida ta ajiye. Yanzu da kanta take nemanta.

To yanzu ga inda suka rasa tauraron nan. Sashen da ya san cewa wasu daga cikin mutanensa ba sa ji, amma har yau da baki ake kiran suna a wajen jira, daga bayan gilashi, mai kiran kuma da takunkumi a fuska. Ba allon lamba, ba komai. Na ga wani dattijo shi kaɗai ba ɗan rakiya, an kira shi har an tsallake shi bai sani ba, yana zaune da katinsa a hannu yana kallon ƙofa har wajen ya kusa watsewa, sai da na je na duba katin na kai shi wajen nas. Haba, wannan ai ba abun da yake buƙatar wani dogon shiri ba ne, ko farin allo da alli ya isa. Haka wajen ba da rana, in za su canza maka rana waya suke bugowa. Yaya ba ta iya jin waya, mun faɗa, mun rubuta a fom, mun roƙa a riƙa turo saƙon tes ko a kira lambata, amma sai a kira ta, ta ga baƙuwar lamba ta ɗaga ba ta ji me ake cewa ba, mu zo ranar a ce ai an ɗage. Mutumin da tafiya take masa wahala ka sa ya fito a banza, wannan cutarwa ce ko da ba da niyya aka yi ba.

Rahoton hoto ma yana daɗewa. A yi MRI yau, sai an yi makonni kafin rubutaccen rahoto ya fito, a tsakanin nan mutum yana gida zuciya na dukan uku-uku. Na fahimci cewa masu karanta irin wannan hoton ba su da yawa kuma gara a karanta da kyau da a yi sauri, amma ko saƙo ɗaya da zai ce an duba ba abun gaggawa ai zai kwantar da hankali. Shi kansa MRI ɗin na kai da duka baya yana ɗaukar lokaci mai tsawo, mutum a kwance ba motsi, umarnin kuma ta lasifika ake bayarwa, wanda ba ya ji ta ina zai san an ce kar ya motsa ko an kusa gamawa. Sai da muka roƙa sannan suka yarda su yi mata duk bayanin a rubuce kafin a shigar da ita.

Ɓangaren ji shi ne mafi rauni a tsarin nasu gaba ɗaya. Yana wani gini daban, da fayil daban, kuma mutanen can ba su san ciwon ba sosai. Na'urar ji ƙara sauti take yi, ita kuma matsalar Yaya a jijiya take, dan haka ƙarar tana ƙaruwa amma kalmomin ba sa fitowa, tana gaya musu suna ƙara murɗa ƙarfi. Sai da likitar jijiya ta rubuta musu wasiƙa sannan aka yi mata gwajin tantance kalmomi aka sake saita na'urar, aka kuma fara maganar dashen na'ura a cikin kunne, wanda aka gaya mana a masu wannan ciwon wasu yana musu amfani wasu kuma amfanin baya ɗorewa. Ba kuma wanda ya taɓa tambayarta yanda take ji a ranta. Mace ce mai son hira da mutane, yanzu in an taru sai ta koma gefe dan ta gaji da cewa a maimaita, wannan ma ciwo ne kuma babu kowa a sashen da aka ajiye dominsa.

Duk wanda zai je, ya nemi takardar bayanin tiyatarsa ta asali, wadda likitan ya rubuta abun da ya yi a ciki, da rahoton gwajin ƙarin da aka cire, da duk tsoffin hotuna a faifai ba rahoton kaɗai ba, dan suna jera su ne su kwatanta shekara da shekara. A rubuta sunayen magunguna duka, musamman asfirin da masu tsinka jini. A je da ɗan rakiya in ji ko tafiya sun taɓu. Kuma wanda aka taɓa yi wa tiyatar laka in ya ga jinsa na raguwa a kunne biyu, ko tafiya ta fara tangaɗi, ko hannu ko ƙafa na sagewa a hankali, ko ciwon kai mai tashi in an miƙe ya lafa in an kwanta, ya gaya wa likita maganar tiyatar ya kuma nemi a haska kai da duka bayan, ko tiyatar ta kai shekara nawa. Amma in fitsari ya tsaya cak, ko yana zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya mutu, ko ƙafa ta saki cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba na jiran ranar kilinik ba ne, sashen gaggawa za a nufa a ranar, su ma haka suka rubuta da jan biro a bayan katin da suke bayarwa.

Mun rubuta musu ƙorafin kiran suna da na waya mun saka a akwatin da ke bakin ƙofa, na kuma faɗa wa babbar nas baki da baki, ta ce za ta kai maganar gaba. Zuwanmu na baya-bayan nan dai har yanzu da baki ake kira, sai dai an manna wata 'yar takarda mai launi a fayil ɗin Yaya, in layi ya zo kanta nas tana fitowa ta taɓa kafaɗarta. Ya kamata a yi wa kowa da kowa hakan, ba sai wanda yake da ƙanwar da za ta yi magana ba.